Yadda likita ya kusanto ƙauye

Ɗan uwa mai karatu, tambayi tsofaffin garinku. Za su gaya maka, a da in ciwo ya yi tsanani, sai a aza mutum bisa jaki ko amalanke, a yi wuni ana tafiya kafin a ga likita. Da yawa a hanya suke cikawa.

A zamanin Turawa, a Dakar ake horon likitoci baƙar fata. An buɗe makarantar a 1918. Ita ke ba dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka likitoci, saboda haka rabon Nijar kaɗan ne ƙwarai. Mun samu mulkin kai a 1960. Sai a 1974 aka buɗe makarantar likitoci a jami'ar Yamai.

Amma horon babban likita shekaru yake ci. In ya gama kuma, galibi birni yake zama, inda akwai wuta da kayan aiki. Mai ciwo ba ya iya jira.

Don haka cikin shekarun 1960 aka gwada wata dabara a jahar Maraɗi. Mutanen gari su zaɓi mutum nasu, a koya masa aiki na ƴan kwanaki, a ba shi akwatin magani: nibakin don masassara, asfirin, maganin ido da na miki. Ungozoma ma aka koya mata wanke hannu da yanke cibi da tsabta. Abin ya yi amfani, ya bazu cikin ƙasa. Sai dai ba a biyan waɗannan mutane. Akwati ya ƙare, ba a cika ba, mai akwati ya koma gonarsa.

Daga farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan gidajen likita wajen 2000 a karkara. Wannan karon ma'aikaci yana da albashi. An koya masa maganin ciwo uku masu kashe yara: masassara, zawo da ciwon haƙarƙari. A 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara 5 ba ya biyan kuɗin magani, mai ciki ma ba ta biyan awo.

To, dubi lissafi. A 1998, cikin yara 1000, 226 ke rasuwa kafin su kai shekara 5. A 2009 sun koma 128. Rabon sange da ciyar da yara masu tamowa su ma sun taimaka, kada mu manta da su.

Akwai aikin da ƙaramin ma'aikaci ba ya iyawa. In haihuwa ta gardama, sai an yi tiyata, sai an ƙara jini. Wannan aikin babban likita ne, a asibitin da ke da ɗakin fiɗa. Matar da garinsu ke nesa da irin wannan asibiti, tana bukatar mota da hanya mai kyau tun naƙuda ba ta daɗe ba.