Lee-Enfield: bindigar da bututunta ya zo ya fi ta tsada

1/ Zare 🧵
Akwai wata tsohuwar bindigar sojan Ingila da a farkon shekarun 1960 ake sayarwa a Amurka ƙasa da dala 20, har a aiko maka da ita ta gidan waya. Yau sabon bututunta kaɗai sai ka ajiye ɗaruruwan daloli. Sunanta Lee-Enfield. Ku gyara zama, labarin na da ɗan tsawo.

2/ Ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, danginta suka rataya. Tsofaffin 'yan sanda ma sun riƙe ta, ita ce ake ce wa Mak 4.

3/ Kafin wani ya zo min ƙarƙashin zaren nan da wa'azi: tarihi nake bayarwa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin jerin haramtattu. Gasar harbin da zan yi magana a kai a Ingila, Kanada da Amurka ake yin ta.

4/ Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne bututun bindiga cinyewa yake yi, kamar tayar mota. A cikinsa akwai murɗaɗɗun tsagu da ke sa harsashi ya fita yana juyi, juyin nan ne ke miƙar da shi. Kowane harbi, wuta na ɗan lasar tsagun, musamman daga tushe, inda zafi ya fi yawa. Ran da suka shafe, sai ka saita gabas harsashi ya ɗan karkata abinsa.

5/ Sunan bindigar ma daga wannan matsala ya samo asali. A 1888 Ingila ta ɗauki wata bindiga mai suna Lee-Metford. James Paris Lee ne ya ƙera sakatar da ke tura harsashi, William Metford kuma ya tsara tsagun bututun. Tsagun Metford ba su da zurfi, kuma da gangan ya yi haka, don baƙin albarushi na barin dauɗa, tsaga marar zurfi ta fi sauƙin gogewa.

6/ Sai ga sabon albarushi marar hayaƙi, kodayit. Haɗinsa na farko: kashi 58 naitirogilisarin, kashi 37 audugar da aka jiƙa da asid, kashi 5 kuma basilin. E, basilin dai da kuka sani, na shafawa lokacin hunturu 😅

7/ Kodayit ya fi ƙarfi amma zafinsa ba a magana. Kafin a kai harbi 6,000 bututun Metford ya gama aiki. Ka lissafa wannan a kan rundunar daula guda, ka ga irin asarar. Sai masana'antar gwamnati da ke Enfield, arewacin Landan, ta fito da tsagu biyar masu zurfi da kaifin gefe. A 1895 aka haɗa sakatar Lee da bututun Enfield. Kun ga inda sunan ya fito ko? Tsofaffin Lee-Metford da yawa ma cire musu bututu kawai aka yi aka ɗaura sabo.

8/ An ƙera dangin wannan bindiga kusan miliyan 17. Samfurin No. 4, wanda aka tabbatar a 1941, an yi shi a Ingila, a Long Branch ta Kanada, da kamfanin Savage a Amurka. Da yaƙi ya matsa, har tsagu biyu kacal aka riƙa yi maimakon biyar don a rage lokaci da kuɗi. Kuma suna harbi lafiya lau.

9/ Bayan zafi akwai maƙiyi na biyu: gishiri. Ɗan maganin da ke tayar da wuta a gindin harsashin wancan zamani na barin wani irin gishiri cikin bututu. Gishiri ya ja laima, laima ta kawo tsatsa. Mai ba ya wanke shi, sai ruwa. Shi ya sa ake sa soja ya ɗura tafasasshen ruwa ta mazurari bayan harbi. Wanda ya yi kasala, kwana kaɗan cikin bututunsa ya yi zanzana.

10/ Amma a lokacin wa ya damu? Gwamnati na da bututu jibge a sito. Bindiga ta gaji, a mayar da ita masana'anta, a sauya abin da ya mutu, a buga mata hatimin FTR, alamar an yi mata garambawul. Soja bai taɓa tambayar nawa ne kuɗin bututu ba.

11/ To, 1957 sojan Ingila suka koma sabuwar bindiga L1A1 mai harsashin ƙungiyar NATO, 7.62. Miliyoyin Lee-Enfield suka zama kwantai. Dillalai irin su Sam Cummings na kamfanin Interarms suka saye su a gwanjo jirgi-jirgi, suka cika kasuwar Amurka. Nan ne farashin nan na ƙasa da dala 20 ya fito. Dokar 1968 ce ta rufe wa Amurkawa sayen bindiga ta gidan waya.

12/ Yanzu mu leƙa Bisley, nan ne labarin ya fi daɗi. Ƙungiyar maharba ta Birtaniya ta fara gasarta a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, ta kuma sa kyautar fam 250. A 1890 aka koma Bisley. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce: da bindigar soja za ka yi gasa, da harsashin da aka raba wa kowa. Zagayen ƙarshe har yadi 1,000.

13/ Da soja suka bar .303, harsashin ya fara yankewa. Maharba na riƙe da bindigogin da suka saba da su tun suna samari, ga shi abincinta na ƙarewa. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka yanke shawarar komawa 7.62. A yar da bindigar? Ina! Bututu za a sauya.

14/ Sai dai ba kamar sauya ƙotar fartanya ba ne. Kwanson .303 na da baki mai faɗi a gindi, na 7.62 ba shi da shi, don haka ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso ma sai an canja. Matsin 7.62 kuma ya fi yawa. Tsohon samfurin da aka yi yaƙin duniya na farko da shi an ga ba zai jure ba, No. 4 ce ta iya ɗauka. Indiya da ta nace wa tsohon fasalin, sabuwa ta ƙera gaba ɗaya a Ishapore da ƙarfe mafi inganci.

15/ Gwajin farko da siririn bututu irin na soja bai gamsar ba. Da aka sa mai kauri, aka datse katakon gaba don kada ya taɓa ƙarfen, sai saiti ya zauna. Daga nan aka samu L39A1 ta gasa, da L42A1 ta gwanayen harbin soja, wadda aka ƙera dubu ɗaya da 'yan kai daga tsofaffin bindigogin yaƙin duniya na biyu. Har yaƙin Falkland na 1982 ta je. Jiki na 1944, bututu na 1970.

16/ A 1988 aka rufe masana'antar Enfield. Sabbin bututun da suka rage cikin giris aka yi ta sayarwa har suka yi wuyar samu.

17/ Yau mai son sabo sai ya nemi kamfanoni irin su Criterion a Amurka ko Lothar Walther a Jamus. Me ya sa tsada? Na farko, faɗin harsashinta inci .311 ne, alhali yawancin injinan yau na .308 ne. Tsagunta na asali hagu suke murɗawa, na akasarin bindigogi dama. Ga siffar waje, har da 'yan kunnuwan da ake maƙala banati. Abin da gwamnati ta yi miliyoyi, yanzu ɗan kaɗan ake yi, kuma mai saye ke ɗaukar nauyin.

18/ Kuɗin bututu ma somin taɓi ne. Maƙeri zai kwance wanda ya yi shekara 80 a ɗaure, ya ɗaura sabo ya tsaya daidai, ya auna tazarar da ke tsakanin sakata da gindin kwanso. Masu No. 4 sun ɗan yi sa'a, an yi mata kan sakata iri huɗu, lamba 0 zuwa 3, don cike wannan tazara. Amma su ma manyan lambobin yanzu nema ake. A Birtaniya kuma doka ta ce kafin a sayar da ita sai an kai gidan gwaji na Landan ko Birmingham, a harba ta da harsashin da ya fi ƙima a buga hatimi. Kowanne da kuɗinsa.

19/ Ka tara lissafi, sau da yawa ya kamo kuɗin bindigar ko ya wuce. Abin takaicin kuma, da ka sauya bututu darajarta ta faɗi a idon masu tara kayan tarihi. Su lambobin asali da hatiman shekara suke saye, ko da cikin ya yi baƙi. Wato ka kashe kuɗi ka gyara harbi, ka rage farashi.

20/ Ni dai a nan ina bayan maharba. Bindigar da tun 1895 ake cire mata bututu ana sa wani, wanda ya ce sauyin ya ɓata asalinta bai karanta tarihinta ba. Gasar tsofaffin bindigogin soja da ake yi a Camp Perry ta jihar Ohio ma ta yarda da sabon bututu, muddin siffarsa irin ta asali ce. Idan dai samfurin mai wuyar samu ne, to wannan kam a bar shi yadda yake.

21/ Su 'yan sintirin arewacin Kanada, Canadian Rangers, tun 1947 suke riƙe da No. 4 cikin ƙanƙara, don sanyi ba ya kama sakatarta. Sai wajen 2018 aka sauya musu da C19, kuma babban dalilin shi ne kayan gyara sun ƙare. An bar wa masu so tsofaffin bindigoginsu kyauta. Ranar da tsagun suka shafe, kuɗin sabon bututu daga aljihunsu zai fita.