Rijiya Da Yarjejeniya: Tarihin Haƙƙin Ruwan Sha A Ƙasar Babura

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Babura ya san cewa idan rani ya yi nisa, hira takan koma ta ruwa: rijiyar da ta janye, famfon da ya lalace, da kuɗin jarka a wurin 'yan ga-ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ruwa da mata da yara suke sammako dominsa, an sha zama a kansa a manyan biranen duniya, har an rubuta dokoki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin waɗannan dokoki, ta nuna inda suka taɓa ƙasarmu, sa'an nan mai karatu ya auna da kansa ko guga ya kai ga ruwa.

Kafin Zuwan Turawa

Babura gari ne na bakin iyaka tun can asali, tsakanin ƙasar Kano da ta Damagaram. Ƙasar rairayi ce, ba kamar Kazaure da Roni masu duwatsu ba, kuma babu wani kogi mai gudu rani da damina. Saboda haka rijiya ita ce ran gari. Inda aka haƙa aka sami ruwa, nan ake kafa bukka. Inda ta ƙafe kuwa, sai a tashi a bar kufai.

Ba a zauna kara zube game da rijiya ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malamanmu suke karantarwa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun yi bayanin hukuncin ruwa. A taƙaice, wanda ya haƙa rijiyar dabbobi a daji shi ne kan gaba wajen sha da shayarwa, amma ba shi da ikon hana wasu abin da ya rage. Haka kuma rijiya tana da harabarta, wadda ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta a ciki ba. Kowane almajiri kuma ya ji labarin rijiyar Ruma ta Madina, wadda Sayyadina Usman ya saya ya mayar da ita waƙafi ga jama'a. Watau dai abubuwa biyu da dokokin duniya suke ta nanatawa a yau, haƙƙin mai ƙishirwa da tsare mashaya daga ɓarna, ba baƙi ba ne a wurin kakanninmu.

Yadda Rijiyoyi Suka Motsa Iyaka

Farkon lokacin da ruwan wannan yanki ya shiga takardun ƙasashen waje, ba don tausayin talaka aka yi ba. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar raba ƙasar Hausa a tsakaninsu. Suka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Da Faransawa suka zo tafiya daga Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Cadi, sai suka tarar an bar musu ƙeƙasasshiyar hanya mai ƙarancin rijiyoyi. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar a 1899, ta sha ƙishirwa, ta riƙa kutsawa cikin rabon Ingila, ta kuma yi wa garuruwa irin su Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ba a manta da ita ba.

Wannan matsala ta sa Faransa ta matsa a sake zama. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta yarda a turo iyakar kudu domin Faransa ta sami hanya mai ruwa. A 1906 aka ƙara daidaita layin, aka yi la'akari da ƙasashen da ke bin Sarkin Damagaram, sa'an nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi, suka gama a 1908. Ta haka Magarya ta faɗa hannun Faransa, Babura ta zauna a hannun Ingila. Abin lura a nan shi ne, an yi cinikin rijiyoyi a Landan da Faris, amma masu rijiyoyin ba wanda ya tambaye su.

Daga En'e Zuwa Madatsai

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba, ta nuna wa Turawa irin halin da arewacin Kano yake shiga idan sama ta ɗauke. Daga wajen shekarun 1930 aka shiga haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyukan Arewa da kuɗin baitulmalin En'e, birnin Kano kuma ya sami ruwan famfo daga Calawa. Bayan mulkin kai, sai hankali ya koma ga madatsan ruwa. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina Tiga, wadda aka kammala a 1974, ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobi ba iyaka. A namu ɓangaren aka datse kogin Tomas da kogin Gari.

To amma wanda ya datse ruwa a sama, ya rage wa na ƙasa. Wannan gaskiya ita ta haifar da hukumomin haɗin guiwa. A 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. A 1971 aka kafa hukumar haɗin guiwa ta Nijeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai. A ranar 18 ga Yuli, 1990, ƙasashen biyu suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a ƙoramu huɗu: Maggiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da 'yar'uwarta kafin ta fara aikin da zai taɓa ruwan, ta kuma haɗa har da ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ciyar da waɗannan ƙoramu.

Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya

Shekarar 1977 muhimmiya ce ƙwarai a wannan tarihi. A watan Maris aka yi taron ruwa na duniya a Mar del Plata ta ƙasar Ajantina, inda aka amince cewa dukan al'umma, kome talaucinsu, suna da haƙƙin samun ruwan sha mai isa kuma mai kyau. A shekarar dai aka yi ƙari a kan dokokin yaƙi na Janeba, aka haramta wa mayaƙa kai hari ko lalata wuraren ruwan shan farar hula, ko a yaƙin ƙasa da ƙasa ko a na basasa. Nijeriya ta shiga wannan ƙari a 1988.

Daga taron Ajantina aka keɓe shekaru goma, 1981 zuwa 1990, da burin kowa ya sami ruwa mai tsabta. Burin bai cika ba, amma ya bar abin tunawa. A cikin waɗannan shekaru aka ɗaura yaƙi da kurkunu, cutar da ake ɗauka ta shan ruwan kududdufi, wadda takan kwantar da manomi daidai lokacin da gona take bukatarsa. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da yawon wayar da kai na Janar Yakubu Gowon, aka bi ƙauyuka ana raba matata ana haƙa rijiyoyi. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Yaran yanzu sai dai su ga tabonta a ƙafar kakanninsu.

Daga nan dokoki suka yi ta ƙaruwa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci ruwan sha mai tsabta. A 2002 wani kwamitin Majalisar ya fayyace ma'anar haƙƙin: ruwa ya wadata, ya zama marar cuta, ya kasance kusa, kuma kuɗinsa kada ya fi ƙarfin talaka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne lita 50 zuwa 100 ga kowane mutum a yini, mashaya kada ta wuce nisan mita 1,000 daga gida, zuwa da dawowa kuma kada su wuce minti 30. A ranar 28 ga Yuli, 2010, babban zauren Majalisar ya zartar cewa ruwan sha da tsabtar muhalli haƙƙin ɗan Adam ne. Ƙasashe 122 suka goyi baya, 41 suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Yarjejeniyar 1997 a kan kogunan da suka ratsa ƙasashe ta fara aiki a 2014, Nijeriya da Nijar duk suna ciki. A 2015 kuma aka sa 2030 ta zama wa'adin da ruwa mai tsabta zai kai ga kowa.

Ina Gizo Yake Saƙar?

Mai karatu zai ce, to, tun da ga dokoki jibge, me ya sa har yanzu ake layi a bakin famfo? Amsa ta farko tana cikin tsarin mulkinmu na 1999. Sashe na 12 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa. Ke nan mutumin Babura yana da haƙƙi a takarda, amma hanyar karɓarsa a gaban alƙali ba ta miƙe ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na biyu, samun ruwa daban, tsare shi daban. A annobar kwalara ta 2021 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Abin farin ciki, a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka bayyana ta rabu da bahaya a fili. Sai dai masai da aka haƙa kusa da rijiya a ƙasar rairayi, shi ma hanya ce ta gurɓata ruwa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Ruwan da muke sha a Babura na ƙarƙashin ƙasa ne, kuma bai san turakun Tilho da O'Shee ba. Yanzu da injin mai aiki da hasken rana ya yawaita, mai hali yana iya haƙa burtsatse ya ja ruwa yini guda, a wannan gefen iyaka ko a wancan. Wanda rijiyarsa ta guga ce, shi zai fara ganin laka.

Kammalawa

Mun ga cewa ruwan wannan yanki ya taɓa motsa iyakar ƙasashe biyu, mun ga kuma dokar duniya tana yin amfani idan ta sami masu bin ta ƙauye ƙauye, kamar yadda ya faru da kurkunu. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, mu fassara waɗannan dokoki cikin Hausa mai sauƙi, domin wanda bai san haƙƙinsa ba ba zai nema ba. Sa'an nan idan mun je hutu, mu zauna da tsofaffi mu rubuta tarihin rijiyoyin garuruwanmu: wa ya haƙa, gaba nawa ake samun ruwa a da, gaba nawa ne yanzu. Ranar da za a zauna rabon ruwan ƙarƙashin ƙasa tsakaninmu da maƙwabta, irin wannan shaida za a nema, kada a sake yin cinikin rijiyoyinmu ba mu a wurin. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.