Rano ta Autan Bawo: Tsohon Garin da Ya Girmi Birnin Kartahena na Kolombiya

A gaɓar tekun Karibiyan, cikin ƙasar Kolombiya, akwai birnin Kartahena wanda Turawan Sifen suka kafa a 1533. Masu yawon buɗe ido na tururuwa can don ganin ganuwarsa ta dutse, wadda aka tashi ginawa haiƙan bayan Francis Drake na Ingila ya auka wa garin a 1586. An shafe kusan shekara 200 ana aikin, da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. A 1984 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya. To, ran da aka sa harsashin Kartahena, Rano ta daɗe da sarauta, ta yi yaƙe-yaƙe, har sunanta ya shiga tarihin Kano.

Duk ɗan makaranta ya san Rano na cikin Hausa Bakwai. A labarin Bayajidda, 'ya'yan Bawo ne suka watsu suka kafa Daura, Katsina, Zazzau, Gobir, Kano da Rano, Biram ta cika bakwai. Wanda ya nufi Rano, in ji masu ba da labarin, shi ne Zamna Kogi, kuma har gobe Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari. Malaman tarihi na jayayya kan yadda za a ɗauki wannan labari, amma rabon aikin da ke cikinsa ya dace da abin da aka sani: Gobir yaƙi, Zazzau bayi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa sarakunan baba. Ƙasar kudancin Kano ta fi arewa samun ruwan sama, auduga da baba suna yi sosai, don haka masaƙa da marina suka yawaita. Turkuɗin da Heinrich Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851, ana ɗaukarsa zuwa Timbuktu da ƙetaren Sahara, ba a cikin birni kaɗai ake rina shi ba. Karofin garuruwan kudu irin su Kura na da babban hannu a ciki.

Wanda ya je Rano, duwatsu ne za su fara tarbarsa, haka ma in ya zarce Rurum. Nan ne asirin zaman garin. Mutanen dā ba sa kafa gari don kyan wuri kawai. Suna neman inda za a hango maƙiyi tun daga nesa, inda mata da yara za su fake, ga fadama kusa. Daga baya aka ƙara ganuwar ƙasa da ƙofofi, aikin gayya na mutanen gari, wanda sai an riƙa yi masa yaɓe bayan damina.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Rano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Ya ce Yaji ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, sannan ya bi shi har ƙasarsa. A zamanin Yaji ɗin nan ne Wangarawa suka iso Kano daga Mali da addinin Musulunci. A ganina, daga nan ne ƙaddarar Rano ta juya. Kano ta samu malamai da fatake da hanyoyin Sahara, ta bunƙasa, ƙanwar tata kuwa ta koma ƙarƙashin inuwarta, da sarkinta da tambarinta, amma ba ta sake zama kishiya ba.

Jihadi ya zo, Sarkin Kano Alwali ya gudu kudu, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Bayan haka sai masifar Ningawa, waɗanda suka yi shekaru suna kai hari kudancin Kano suna kama mutane, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Garuruwan yankin Rano da Kibiya sun zauna cikin shirin ko-ta-kwana, ganuwa da dutse suka sake zama abin dogaro. A 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji da igwa, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Tun daga ranar ganuwar ƙasa ta daina kare kowa, aka daina yi mata yaɓe. Rano ta zama gunduma ƙarƙashin hukumar En'e ta Kano.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin gwamnatin Audu Bako, noman rani ya canza rayuwar yankin. A 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi 10, Sarki Tafida Abubakar Ila ya karɓi sanda, Allah ya yi masa rasuwa a watan Mayun 2020. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe dokar da ta ɗaga masarautar, sannan ta maido da Rano a daraja ta biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta.

An yi ta ce-ce-ku-ce kan darajar sanda, amma kaɗan ne ke maganar abin da ya rage na tsohon gari. Kada a ce ginin ƙasa ne ya hana. Agadas ginin ƙasa ce, kuma UNESCO ta karɓe ta a 2013, domin mutanenta ba su yar da yaɓe ba. Ina roƙon masarautar Rano da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano su auna ragowar ganuwa da wuraren tsofaffin ƙofofi da karofi, su hana ɗibar ƙasa da yanka filaye a kansu, su kuma naɗi bayanan dattawan Rano, Rurum da Kibiya tun suna raye.