Madatsun Ruwa da Dokar Wutar Lantarki: Hurumin Kowace Hukuma

Manyan madatsun ruwa huɗu da ke ba Nijeriya wutar lantarki duk a Jihar Neja suke ko a kan iyakarta. An kammala Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Jebba ta biyo baya a 1985, sai Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990 mai megawat 600, sannan Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Duk da haka, mafi yawan wutar da ake sha a ƙasar nan daga tashoshin iskar gas take fitowa, shi ya sa fasa bututun gas a yankin Neja Delta kan jefa garuruwan Arewa cikin duhu.

Tun daga 1972 hukumar NEPA ce ke samar da wuta, ita ke rarrabawa, ita ke karɓar kuɗi. Dokar 2005 ta rusa wannan tsari, ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa 10 daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa. Madatsun kuwa ba sayar da su aka yi ba, haya aka bayar: Mainstream na gudanar da Kainji da Jebba, North South Power na gudanar da Shiroro. Manyan layukan dakon wuta sun ci gaba da zama a hannun Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin kamfanin TCN.

NERC ce ke ba da lasisi, ita ke ƙayyade farashi. An kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga rukunin A da ya wajaba a ba su wutar awa 20 a rana zuwa rukunin E masu awa 4. A nan akwai abin da ya kamata dagatai da kansiloli su sani: bisa ƙa'idar hukumar, sayen taransifoma da turaku da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na al'umma ba. Ƙauyuka da yawa na haɗa karo-karo don rashin sanin haka, daga baya kayan su shiga lissafin kamfani. Mai ƙorafi zai fara kai kukansa a rubuce ga kamfanin da ke ba shi wuta, ya adana takardar shaida. In ba a share masa hawaye ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraron koke na hukumar.

A 2023 an gyara Tsarin Mulki, aka kuma yi sabuwar Dokar Wutar Lantarki da ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024, Kogi da Neja da Filato suka biyo. A irin waɗannan jihohi, hukumar jiha ake kai wa koke. Amma tashar da ke tura wutarta cikin babban layin ƙasa, kamar madatsun nan, tana nan ƙarƙashin NERC.

Mazauna gaɓar kogi suna da tasu hukumar. Gina Kainji ya tashi mutum fiye da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Har yau idan tafki ya cika a watan Agusta zuwa Oktoba, dole a buɗe ƙofofin ruwa, kuma gonakin fadama ne ke fara shan wahala. Don haka aka kafa hukumar HYPPADEC da dokar 2010, mai hedikwata a Minna, ko da yake sai bayan kimanin shekara goma ta fara aiki. Ita ce ake kai wa buƙatun ruwan sha, da maganin zaizayar ƙasa, da sake tsugunar da waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu.