Jakar soja: daga dazukan Bama zuwa hanyar Dundaye

Hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta ratsa fadamar Kwalkwalawa zuwa Dundaye, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, hanya ce ta masu kaya. Ɗalibai da littattafai, manoman fadama da iri da taki, 'yan kabu-kabu da fasinja. Yawancin matasan kowa da jakarsa a baya. Jefi-jefi, cikin jakunkunan leda masu sheƙi da ake shigowa da su daga Sin, ido kan faɗa kan wata koɗaɗɗiya mai ruwan ƙasa ko kore, mai kaurin saƙa, wadda aka tsinto a wurin 'yan gwanjo. Ita ce jakar soja, kuma ta girmi jami'ar da aka kafa a 1975.

Kakanninmu ba haka suke ɗaukar kaya ba. Kaya na kai ne bisa gammo, ko na jaki cikin mangala da taiki. Malami ya rataya gafaka a kafaɗa, matafiyi ya rataya burgami, kuma dukawan Sakkwato sun yi suna wajen ɗinka su da fatar jar akuya. Baya wurin goyon yaro ne. Ko rundunar Turawa da Kanar Morland ya jagoranta zuwa filin Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, 'yan dako ne suka ɗauko mata yawancin kayanta a ka.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗora wa dubban 'yan Arewa jaka a baya. A 1937 sojan Ingila ya fito da sabon tsarin ɗamara da jakunkuna na zaren auduga mai ƙaƙƙarfar saƙa, da maɗaurai na tagulla. Akwai ƙaramar jaka ta kwanon abinci da guzuri, akwai babba ta bargo da tufafi. Irin waɗannan kaya aka raba wa sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa ƙasar Bama don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, ta 82 ta bi ta yankin Arakan, suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne, ko a can gammo bai mutu ba. Dazukan sun fi ƙarfin mota, don haka aka kafa ƙungiyoyin sojoji masu dako, da yawansu ba bindiga a hannu, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka, suna hawa duwatsu cikin ruwan sama da taɓo. Littattafan yaƙin sun cika da sunayen janar-janar, amma a wuyan waɗannan bayin Allah rundunar ta yi tafiya, kuma ba kasafai ake tuna su ba ko a ranar 'yan mazan jiya.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, rumbunan sojan Ingila da na Amurka sun cika da rarar kaya, aka yi ta gwanjonsu a duniya. Daga baya, a 1973, Amurka ta karɓi wani tsari na jakar nailan mai firam ɗin alminiyom, ita ma ta bi sahu zuwa kasuwannin tsofaffin kaya.

Me ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake son jakar soja? Tsohuwar ba ta da zif, kuma duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san yadda ƙura ke kashe zif. Maɗauri ne da ƙarfe. In ɗinki ya warware, mai gyaran takalmi a bakin titi zai mayar da shi da basilla da zare. Nauyi yana rabuwa a kafaɗu biyu, hannaye suna sake, mutum ya riƙe kan keke ko fartanya. A Satumbar 2010, lokacin da ambaliyar kogin Rima ta yanke hanyar jami'a har aka koma tsallaka mutane da kwale-kwale, kowa ya ga amfanin kayan da ba sa cin hannu. Tana da aibinta: audugar tana shan ruwa ta yi nauyi, siririn maɗaurin kuma yana cin kafaɗa a doguwar tafiya.

Yau wani abu ne daban yake korar ta daga kasuwa. 'Yan bindigar da suka addabi gabashin jihar, su Sabon Birni da Isa, sukan sa kakin soja, kuma rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula su guji kaya masu zanen dabbare-dabbaren kaki. Saurayin da ya goyo irin wannan jaka zai iya shan tambayoyi a shingen bincike, ko a karɓe ta. Shi ya sa mai saye yake zaɓen maras zane, wasu kuma su kai wa marina a rine ta baƙa kafin su fita da ita.