Yadda Aiki Ya Zama Ibada a Falsafar Hindu

Sama da shekara 3,000 da suka wuce, a zamanin littattafan Veda, aikin da ake wa kallon mai lada a Indiya shi ne hadaya. Malaman Brahmin su hura wuta, su zuba man shanu da hatsi, suna rera kirarin alloli Agni da Indra, maigida na gefe yana fatan ruwan sama, 'ya'ya maza da garken shanu. Wannan hidimar ake kira karma.

Littattafan Upanishad ne suka tayar da ƙura. A cikin Brihadaranyaka, malami Yajnavalkya ya koyar da cewa aikin mutum ne ke yanke irin rayuwar da za a sake haihuwarsa a cikinta. To, in kowane aiki, mai kyau da mummuna, igiya ce mai dawo da mutum duniya, noma da aure na mene ne? Mutane suka riƙa barin gida suna shiga daji da ƙwaryar bara. A wannan yanayi malaman addini Buddha da Mahavira suka taso.

Bhagavad Gita, baiti 700 cikin doguwar waƙar Mahabharata, wadda aka tsara tsakanin ƙarni na 2 kafin Miladiyya da na 2 bayanta, martani ce ga masu gudun duniya. A cikinta, a filin yaƙin Kurukshetra, jarumi Arjuna ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona cikin rundunar abokan gaba. Jikinsa ya yi sanyi, baka ya suɓuce masa, ya ce ya fasa yaƙin. Krishna, mai tuƙa masa keken doki, ya nuna masa cewa mai rai ba ya rabuwa da aiki, kwaɗayin sakamako ne ke ɗaure shi. Mutum ya yi abin da ya wajaba a kansa, ya miƙa wa Ubangiji, riba da hasara duk ɗaya. Dabara ce babba: an ɗauke wutar hadaya daga hannun malamai an kai ta gona da fagen fama.

Ba kowa ya gamsu ba. Malami Shankara, a ƙarni na 8, ya ce aiki zuciya kawai yake wankewa, ilimi ke 'yantar da mutum. Ɗan gwagwarmaya Bal Gangadhar Tilak kuwa, a kurkukun Mandalay, ya rubuta Gita Rahasya, sharhi kan Gita, wanda ya fito a 1915, yana zaburar da Indiyawan da ke ƙarƙashin Turawan Ingila su tashi su yi aiki. Ambedkar, mai adawa da bambancin aji, ya hango wani abu dabam, kuma da gaskiyarsa: wajibin da ake faɗa an daɗe ana ɗaure shi da ajin haihuwa, ɗan mai shara ya gaji tsintsiya, a ce masa ibada yake yi.