Man Kifi da Haihuwar Bakwaini: Taƙaitaccen Tarihi

Haihuwa kafin cikar mako 37 tana kan gaba cikin sanadin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. An shafe fiye da shekara 80 ana binciken ko man kifi zai iya rage ta.

Tsakanin 1938 da 1939 aka yi wani gwaji a Landan a kan mata masu juna biyu fiye da 5,000. Rabinsu sun sha ƙarin sinadaran gina jiki, ciki har da man hantar kifi, kuma haihuwar bakwaini ta ragu a cikinsu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Amma da yake haɗi aka ba su, ba a tantance sinadarin da ya yi aikin ba.

Wanda ya farfaɗo da maganar shi ne Sjurdur Olsen, likita daga tsibiran Faro, inda kifi ne cimar yau da kullum. Ya lura cewa jariran tsibiran sun fi na Danmak nauyi, kuma sukan fi daɗewa a ciki. A 1986 shi da abokan aikinsa suka kawo hasashen cewa kitsen omega-3 da ke cikin kifi yana rage sinadaran furostagilandin masu tayar da naƙuda. Gwajin da suka wallafa a 1992, na mata 533 a birnin Aarhus, ya nuna cewa cikin waɗanda suka sha man kifi ya ɗara na masu shan man zaitun da kimanin kwana huɗu.

A 2018 nazarin Cochrane ya tattara gwaje-gwaje 70 na mata kusan 20,000, ya gano cewa haihuwa kafin mako 37 ta ragu da kashi 11, kafin mako 34 kuwa da kashi 42. Sai dai a 2019 wani babban gwaji a Ostireliya bai ga raguwar ba. Da aka sake tankaɗe sakamakonsa, sai ya bayyana cewa masu ƙarancin omega-3 a jini ne suka amfana, waɗanda ke da isasshe kuwa ƙarin na iya zame musu illa.

Saboda haka, daga 2021 jihar Kudancin Ostireliya ta fara auna omega-3 a jinin masu juna biyu tun farkon ciki, domin a ba da man ga wadda take bukatarsa kaɗai.